Baba Makulli da Agogo Marar Fuska

Ɗigo ɗaya na mai yake sakawa, ba ya ƙarawa. Baba Makulli ya buɗe murfin ɗan akwatin katakon, ya ɗebo man a tsinin allura, ya ɗiga a inda sandar take juyawa. Ya murɗa ɗan maɓallin gefe sau bakwai, ya sake ta. Sandar ta fara kai da kawowa: ƙas, ƙas, ƙas. Ya lumshe ido yana saurare kamar mai gadin numfashin jariri. Shekara talatin da takwas ke nan da wannan yake buɗe safiyarsa, kafin shara, kafin buɗe tagogi, kafin ya ɗora butar shayin malamai.

Ɗalibai suna kiran akwatin agogo marar fuska, don yana buga lokaci amma ba ya faɗin ƙarfe nawa. Mazauninsa wani kabad ne mai gilashi, a ɗakin gwaji na sashen ilimin halayyar ɗan Adam, hawa na biyu, ƙarshen baranda. Maƙwabtansa a kabad ɗin su ne gwangwanaye goma sha biyu masu kama ɗaya amma kowane da nauyinsa, da wani faifan kwali mai launuka wanda in an juya shi da sauri sai launukan su narke su koma toka-toka, da madannin tagulla na auna saurin hannu bayan ido ya ga haske. Can ƙasa akwai kejin tantabaru da ya daɗe babu mai kwana a ciki.

A wannan safiya ta Litinin, takarda ya tarar manne a ƙofa. Ya karanta ta sau biyu da yatsa, don karatunsa ba mai gudu ba ne. Ranar Alhamis za a kwashe ɗakin a jera kwamfutoci. Kayan kabad kuwa, mai sayen tsofaffin ƙarafa zai zo ya ɗora a sikeli. Shi kansa Baba ranar Juma'a zai ajiye aiki. Tafiyarsa ba ta dame shi ba, tsufa ya riga ya yi masa sallama tun a gwiwa. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne kabad ɗin ya riga shi fita.

Ba da takardar shaidar karatu ya shigo wannan gini ba. Yana saurayi, mai gyaran agogo ne a wani ɗan shago kusa da tasha, aka kira shi ya duba agogon bangon sashen da ya tsaya. Shugaban sashe na lokacin, wani dattijo da kowa ke kira Mai-gemu, ya tsaya a bayansa yana kallon yatsunsa har ya gama. Daga nan ya ja shi ɗakin gwaji ya nuna masa agogo marar fuska, wanda ya yi shekaru a kwance. Kwana uku ya ɗauka ya tashe shi. A rana ta huɗu aka ba shi riga mai launin ƙasa da makullin ɗakin.

Mai-gemu bai tsaya a ba shi shara da goge-goge ba. Wata rana ya ɗora masa lemo a tafin hannu ya tambaye shi me ya gani. Ya ce lemo. Dattijon ya girgiza kai, ya ce wannan sunan da kasuwa ta raɗa masa ne, shi abin da ya iso ido da fata da hanci yake tambaya, tun kafin suna ya zo ya rufe su. Wata guda cur suna wannan fama, har saurayin ya iya cewa zagaye, launi tsakanin ja da rawaya, sanyi a tsakiyar tafi, ƙamshi mai tsini a can saman hanci. Mai-gemu ya ce haka magabatan wannan ilimi suka fara. Sun ɗauki hankali kamar katanga, suka ce sai an zare tubalanta ɗaya bayan ɗaya za a san da me aka gina ta, kuma babu mai iya zarewa sai mai katangar, ya leƙa cikin kansa ya faɗi abin da ya tarar. Ya ce shi ma ya san duniya ta bar wannan hanya tun kafin a haife shi, amma kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Karatun ya bi shi har gida. Suna sabon aure, matarsa ta kawo masa shayi ta tsaya tana jiran yabo. Ya kurɓa, ya rufe ido, ya ce zafi a leɓe, zaƙi a tsinin harshe, ɗan ɗaci can baya. Ta miƙa hannu ta karɓe kofinta, ta ce gobe ya je mai gemun nan ya dafa masa. 'Ya'ya biyar suka haifa, jikoki sun cika tsakar gida, amma ba ta bar masa wannan ba. Ko zazzaɓi ya kwantar da shi, sai ta dafa goshinsa ta ce: "Malam, zazzaɓi ne, ko shi ma ba a yarda a faɗi sunansa ba?"

Da Mai-gemu ya yi ritaya, wani siriri mai saurin tafiya ya gaje shi. Makon farko ya ce duk wannan leƙen cikin kai tatsuniya ce. In mutum biyu suka leƙa, wannan ya ce ja ya gani, wancan ya ce rawaya, wa zai raba gardama? Ilimi, in ji shi, abin da ido biyu za su gani su ƙirga ne. Ya sa aka fitar da kabad, ya kawo tantabaru, sunan Mai-tantabaru ya bi shi. Baba ne mai ba su ruwa da hatsi. A gabansa tantabara ta koyi cewa in fitila ta kama ta caki madanni, hatsi zai zubo, har ta kai da ganin haske ta miƙe wuya tun ba ta ga ƙwaya ba. Abin ya ba shi mamaki, kuma bai ɓoye mamakinsa ba. Bai tsani Mai-tantabaru ba, ya koyi abubuwa da yawa a hannunsa. Sai dai kayan kabad ɗin da aka ce ya zubar, naɗe su ya yi a tsohon labule ya tura ƙarƙashin bene. Shekara tara kullum da safe yana durƙusawa a wannan lungu da allurarsa da ɗigon mansa.

A wannan zamanin ne ya tsiri wata ɗabi'a. Ƙarfe goma daidai, in ya ɗauko tiren shayi, sai ya tsaya a bakin baranda ya karkaɗa tarin makullansa sau biyu kafin ya fara bin ofisoshi. Ba ya yi a wani lokaci, ba ya kuma fashi. In zai buɗe ƙofa da rana, damƙe makullan yake yi a tafinsa don kada su yi ƙara. Daga nan sunan Baba Makulli ya samo asali. Babu wanda ya taɓa tambayarsa dalili, shi ma bai faɗa ba.

Bayan Mai-tantabaru aka yi wata mata mai sanyin murya, wadda ta kawo doguwar kujera ta ce hankali gida ne mai ɗakin ƙasa, kuma mai gidan ya ɓatar da makullin ɗakin. Ita ce Mai-mafarki. Ta taɓa kwantar da Baba a kujerar ta tambaye shi mafarkinsa. Ya ce yakan ga tantabaru sun tsere. Ta cika shafi biyu da rubutu. Shi dai a ganinsa, kamar yadda ya gaya wa matarsa da ya koma gida, sakatar kejin ce ba ta kamawa da kyau. Amma ran da ya kai ta ƙarƙashin bene ya kwance labulen, ta daɗe tana kallon tagullar tana ƙyalli, sannan ta ce wanda ya ɓoye abu shekara tara a lungu ya riga ta fahimtar darasinta. Ita ta sa aka mayar da kabad mazauninsa.

Haka suka zo suka wuce, kowa da gaskiyarsa a hammata, kowa yana share allon wanda ya gada. Baba ne kaɗai ya zauna a ajin dukkansu, da tsintsiya a hannu, a bayan ƙofa.

Shugabar sashe ta yanzu, Dakta, tun tana ɗaliba ya san ta. A wannan ɗakin gwajin ta taɓa ɓuya ta yi kuka da ta faɗi jarrabawa, ya kawo mata shayi ya fita ya ja mata ƙofa. Da ya same ta a ofis ranar Litinin ɗin, tashi ta yi ta ba shi kujera. Ta ce wallahi ba son ranta ba ne. Ɗalibai sun haura ɗari biyu, babu inda za su taɓa kwamfuta, kuma umarnin daga Farfesa ne, shugaban tsangaya, wanda zai zo da kansa ranar Laraba da safe ya duba ɗakin. Baba ya san Farfesa sarai. Ɗalibin Mai-tantabaru ne na hannun dama, ofishinsa yana kan wannan barandar shekara ashirin da biyar, kuma har yau abin da ba a ƙirga ba bai ɗauke shi magana ba.

Bai roƙe ta ta soke takardar ba. Ya ce ya ji 'yan aji ɗaya suna kuka da darasin tarihin wannan ilimi, sunaye da shekaru sun yi musu yawa, suna haddacewa da dare suna mantawa da safe. Ya ce ta ara masa su awa ɗaya, ranar Laraba ƙarfe tara, a ɗakin gwaji. Ta juya biro a hannu. Ta ce doka ba ta ba wanda ba malami ba damar ɗaukar aji.

"To ke ki ɗauki ajin, 'yata," in ji shi. "Ni kayan aiki zan miƙo miki. In bakina ya suɓuce na yi magana, ki ce tsufa ne."

Ta yi dariya, ta ce Allah ya kai mu.

Ranar Talata da yamma yana zaune a ƙofar ɗaki, matarsa tana goge masa rigar aikin. Ya ce mata gabansa yana faɗuwa, bai taɓa tsayawa gaban allo ba sai don ya goge shi. Ba ta ɗago ba. Ta ce shekara talatin da takwas yana karantar da ita wannan ilimi, tana so ba ta so, a kan tabarma da kan hanya da wajen shanya, in har ita ta gane, yaran da iyayensu suka tura su gane ai ba za su gagara ba. Ta ƙara da cewa in lemo zai kai musu, ya sayi nasa, kada ya taɓa na jikokinta. Ya nemi takarda da ambulan, ya zauna ya yi rubutun layi uku. Ya ɗauke shi kusan rabin awa. Ta tambaye shi wasiyya ce, ya ce kusan haka.

Laraba ƙarfe tara ɗakin ya cika har tagogi. Dakta ta zauna a teburin gaba da tarin takardunta. Farfesa ya shigo da ma'aunin awo a hannu, ya ga taro, ya ɗaga gira. Baba ya gaishe shi da ladabi, ya miƙa masa ambulan a rufe, ya roƙe shi ya riƙe masa amana zuwa ƙarshen awa. Farfesa ya jefa ta a aljihun gaba, ya ja kujera kusa da Dakta, ya ce minti goma zai iya bayarwa.

Baba ya ɗora agogo marar fuska a tebur ya sake sandar. Ya ce kowa ya rufe ido ya saurara, ya gaya masa wane bugu ne ya fi ƙarfi. Aka yi tsit, sai ƙas, ƙas, ƙas. Wata ɗaliba ta ce na farko ne, na biyun yana bin sa a hankali. Wani dogo a baya ya ce ina, huɗu-huɗu yake tafiya, na farkon kowane huɗu ne mai nauyi. Gardama ta tashi, kowa yana rantsuwa da kunnensa. Baba ya bar su har suka gaji, sannan ya ce yanzu kowa ya ƙirga uku-uku a zuciyarsa. Ba a yi minti ɗaya ba fuskoki suka fara canjawa. Nauyin ya tashi daga inda yake ya koma kan kowane bugu na uku, alhali babu wanda ya taɓa akwatin.

Ya ce to, ga inda aka fara. Akwati bai canja ba, mai sauraro ne ya canja, saboda haka akwai wani aiki da ake yi a cikin kai wanda ya cancanci a zauna a auna shi. Waɗanda suka fara sun ce a leƙa ciki a faɗi abin da aka tarar. Ya nuna ɗalibar da dogon, ya ce ga kuma inda suka yi tuntuɓe: ita ta rantse, shi ya rantse, wa zai shiga kan wani ya yi alƙalanci?

Dogon ya ɗaga hannu ya ce shi bai ga amfanin kunne ya riƙa ƙulla bugu biyu-biyu ko uku-uku ba. Fuskar Baba ta washe. Ya ce wannan tambayar ita kanta makaranta ce guda. Akwai waɗanda suka ce a daina tambayar da me aka ƙera zarto, a tambayi me yake yankawa. Ya juya faifan launuka har ja da kore da shuɗi suka narke suka zama toka-toka, aji ya ɗauki sowa. Ya ce wasu kuma suka ce in ka warware tabarma zare-zare don ka san ta, za ka tashi da tarin kaba, babu wurin zama. Dakta ta daina kallon agogon hannunta, biro ɗinta yana gudu a takarda. Minti goman Farfesa sun zama arba'in.

A nan Farfesa ya gyara murya. Ya ce wasa ne mai daɗi, kuma ya yaba. Amma duk abin da aka yi tun safe bai wuce na ji, na gani a raina ba. Shi a nuna masa abu ɗaya da kowa a ɗakin zai gani da idonsa, a kuma faɗe shi tun kafin ya faru. In babu, ɗakin nan kwamfuta ta fi cancanta da shi.

Baba ya ce gaskiya ne, ranka ya daɗe. Ya juya kamar zai ɗauko wani abu a kabad, ya zaro tarin makullansa daga ƙugu, ya karkaɗa su sau biyu.

Farfesa ya waiwaya ƙofa. Hannunsa ya tashi ya zare tabarau ya ajiye a cinya, maƙogwaronsa ya motsa. Dakta, idonta na kan rubutu, ta tura takardunta gefe da bayan hannu, ta buɗe ɗan fili a kusurwar tebur. Can a baranda aka ji ƙofa ta buɗe, wata ma ta buɗe. Malamai biyu suka leƙo, kowa da kofinsa a hannu, suna dube-dube. Agogon bango, wanda Baba ya gyara yana saurayi, ya nuna goma saura minti ashirin.

"Ranka ya daɗe, a buɗe amanar," in ji Baba.

Farfesa ya mayar da tabarau, ya yage ambulan, ya karanta a fili, a hankali, don rubutun manya-manyan baƙaƙe ne masu karkata: "In na kaɗa makulli, Farfesa zai dubi ƙofa ya cire tabarau saboda tururi. Dakta za ta yi wa kofi wuri. Za a buɗe ƙofa biyu, ko uku in mai lissafin kuɗin sashe ya zo aiki."

Dakta ta dubi filin da ta buɗe a tebur, ta rufe baki da hannu. Sai dariya ta ɓarke, ta cika ɗakin ta fita ta tagogi. Malaman nan biyu suna tsaye a bakin ƙofa da kofunansu ba su san me ake ciki ba, wannan ya ƙara wa dariyar wuta. Farfesa ya yi ta yi har ya sake cire tabarau, wannan karon don ya share hawaye.

"Shekara ashirin da biyar," in ji shi, "ashe ina cikin kejinka ban sani ba. Malamina da ya ga wannan da ya ba ka digiri."

"Ai keji ɗaya muke, ranka ya daɗe. Ni ma in ban ji ƙas-ƙas ɗin nan da safe ba, abinci ba ya shiga."

Farfesa ya tashi ya je gaban kabad, ya daɗe yana kallon kejin da ke ƙasa. Ya ce ya san wannan sakatar, ta taɓa yankar masa yatsa. Ya naɗe ma'aunin awonsa ya sa a aljihu. Ya ce wa Dakta ɗakin taron tsangaya, wanda ba a buɗewa sai sau uku a shekara, ya fi nan faɗi da iska, a kai kwamfutocin can. Wannan kabad ko allura kada a cire daga ciki, kuma daga bana duk ɗan aji ɗaya a nan zai fara, kafin a ɗora masa sunaye da shekaru. Dakta ba ta jira an maimaita ba. Ta je ƙofa da kanta ta ɓalle takardar, ta ninke ta huɗu. Ɗalibai suka miƙe tsaye suna tafi, dogon nan yana buga tebur uku-uku.

Baba ya tsaya a tsakiyar wannan ƙara, hannuwansa a gefe, kamar bishiyar da ruwan farko ya sauka a kanta. Sandar agogo marar fuska tana ta kai da kawowa, babu mai jin ta. Ya sa yatsa ya tsayar da ita. Ya laluba aljihun rigarsa ya fito da 'yar kwalbar mai da allurar da ke soke a murfinta, ya kama hannun Dakta ya ɗora mata a tafi ya naɗe yatsunta a kai. Ya ce ɗigo ɗaya, kullum da safe, in ta ƙara agogon zai yi kuka, in ta rage zai yi tari. Murɗawa bakwai. Ta ce ta ji, Baba.

Farfesa ya ce ya zauna mana, ga kujera, ɗalibai suna da tambayoyi, yau shi ne malami. Baba ya dubi agogon bango, ya dubi malaman nan biyu da har yanzu suke riƙe da kofuna wayam.

"A yi mini afuwa, ranka ya daɗe. Na riga na kira su. In ka kira tantabara ka hana ta hatsi, gobe ba za ta amsa ba."

Ya damƙe makullan a tafinsa don kada su yi ƙara, ya gyara wuyan rigar da aka goge masa. Ɗalibai suka dare suka ba shi hanya, ya ratsa tsakaninsu a hankali, gwiwa tana ɗan ja, ya fita ya nufi inda buta take.